Fangali a Jar Ƙasar Sri Petaling

Tun da kuka zauna kuke cusa mini wayar nan a ido, to na gani, ku ajiye ta ku sha shayinku. Tsuntsu ne mai kyau, ba musu, ga dogon baki, ga shi ya tsaya cak a iska yana zuƙar fure. Sai dai babu shi a Maleshiya, babu shi a Kano. Na ƙasashen Amurka ne, furannin da aka jera muku a ƙarƙashin hotonsa kuma na inda ake shafe watannin zafi ba ɗigon ruwa ne. Ku dasa su a baranda a nan Sri Petaling, kafin ku gama jarrabawar zangon nan saiwarsu ta ruɓe. Kun ce za ku haɗa kai ku buɗe shafi ku riƙa sayar wa mutane shuke-shuken kiran tsuntsu, wai ai ba wani aiki ba ne, a zuba ƙasa a tukunya a ba ta ruwa. Gaskiyarku. Ɗinki ma ai zare ne da allura.

Wanda muke da shi a nan ɗan'uwan sha-kaucinmu na gida ne, 'yan ƙasa suna ce masa kelicap. Ɗan mitsitsi ne, cikinsa ruwan ɗorawa, maƙogwaron namijin kuma baƙi mai sheƙi kamar rawani ɗan Kura. Shi ba ya son wahalar tsayuwa a iska, reshe yake nema ya dafe ya sunkuya ya sha. Saboda haka mai yi masa lambu sai ya tanadar masa fure, ya tanadar masa madafa, ya kuma bar masa gizo-gizo, don da ƙwari yake ciyar da 'ya'yansa, da saƙar gizo yake ɗinke sheƙarsa. Shekarun da na yi a wannan aiki sun kusa kai na wasunku a duniya, amma lambun da ya fi koya mini shi bai fi faɗin 'yan tabarmi ba, a layin bayan nan yake. A kansa muka yi ta ja-in-ja da wani dattijo da ya rantse zai bar maganin asibiti a rabi ya koma gida, likitoci kuwa sun ce in ya bari, sai dai wani ikon Allah. Zan zo kansa, amma ku fara jin inda na koyi aikin.

Ni Bazazzagi ne, a lambun bakin kogin Galma na tashi. Saron mayafai da yadi a kasuwar Masjid India ya kawo ni garin nan, kasuwar ta mutu a hannuna, na auri 'yar ƙasa na zauna. Aikin da na samu shi ne a gandun renon shuke-shuke na wata tsohuwa 'yar asalin Sin a Sungai Buloh, kowa Anti Mei yake ce mata. Ranar farko ta miƙo mini cangkul, fartanyarsu mai doguwar ƙota, ta nuna mini fili ta ce in gyara wurin dashe. Na duƙa na fara fafe ƙasa ina tayar mata da baki ta ko'ina, fangali sosai irin wanda ubana yake yi wa albasa don ruwa ya kwanta a ciki. Ta dafa ƙotar ta tsayar da ni. "No lah, Haladu. A garinku kuna roƙon ruwa ya zauna. A nan roƙonsa muke ya tafi." Ta sa na mayar da ƙasar na tara ta tudu, na ja 'yar hanya zuwa kwata. Komai a gandunta a kan tudu yake, ko a baƙar leda mai huji.

Wata da watanni ban taɓa almakashin askin shuka ba. Aikina haɗin ƙasa: jar ƙasa, da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa, da ƙonannen ƙaiƙayin shinkafa, da ɗan takin kaji, in yi ta cuɗawa har sai in na dunƙula ta kama, in na taɓa ta wargaje. In na kawo mata ta matse ta ji danƙo, ba ta magana, juye baron take yi in sake. Da sassafe kuma kafin masu saye su zo, sai ta zaunar da ni a kan bokiti ta ce in kalli inda tsuntsaye suke sauka. Da farko na ɗauka tsufa ne. Daga baya na lura kelicap yana tsallake manyan furannin nan masu ninki-ninki da ake shigowa da su daga waje, waɗanda masu kuɗi suke rububi, ya tafi kan na ƙasar. Akwai siantan mai jajayen furanni cunkus kamar an soka allurai wuri guda, akwai kantan, ɗan'uwan citta, wanda Malayawa suke yanka furensa a miya, akwai setawar mai son inuwa. Furen da aka ƙawata don idon mutum sau da yawa ba zaƙi a cikinsa, ko kuma ninkin ya toshe wa baki hanya. Tun daga nan ban ƙara saro shuka ba sai na ga tsuntsu a kan irinta da idona.

Kayan aikina har yau ba su cika bayan babur ba: cangkul, da adda, da almakashi, da igiya, da wannan yatsan da nake cusawa a ƙasa in ji ko tana jin ƙishi. Masu saye su ne aikin. Akwai wata hajiya a Bukit Jalil da ta ce tana son tsuntsaye su cika mata baranda amma kada su yi kashi. Akwai wani da na yi wa lambu har kelicap ya fara zuwa, sai ya hango saƙar gizo a kusurwa ya kira masu feshi suka wanke gidan da magani, sannan ya bugo mini waya yana faɗa, wai tsuntsun da ya biya ya gudu. Irin waɗannan za ku haɗu da su, kuma da murmushi za ku amsa musu.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke. Ku da kuka zo kuka tarar ana tsuga shi kusan kullum bayan la'asar ba za ku yarda ba, amma an yi. Sama ta bushe, hayaƙin gobarar daji ya rufe gari, madatsun ruwa suka ja baya har aka koma ba unguwanni ruwan famfo bi da bi, yau akwai gobe babu. Mutane suka riƙa bin tanka da bokitai. Wa zai ba fure ruwa alhali bai yi wanka ba? A gandun Anti Mei tuddan nan da muke taƙama da su suka bushe ƙamas, don an yi su ne su zubar da ruwa, kuma suka yi aikinsu. Kullum da safe sai mun kwashe matattun shuke-shuke a baro. Masu kwangila suka janye, ta sallami ma'aikata da dama, ni ma na fara tunanin ko in koma dakon yadi.

A cikin wannan hali wata ɗaliba ta kira ni, sunanta Ummi, tana digiri na uku, suna haya da mijinta a layin bayan nan. Ta kawo mahaifinta, Alhaji Mamuda, daga Bagwai ta jihar Kano don a yi masa maganin ciwon daji. An yi zagaye na farko na allurai da gashin na'ura, ya sha wuya, ya rame, abinci ya fita daga ransa. Saura zagaye na biyu, shi kuma ya ce ya gama. Ya sa an yanka masa tikitin komawa, ranar tafiyar kuma ta faɗo daidai da Juma'ar da asibiti suka ce ya dawo.

"Kawu, wallahi I don't know what to do again," in ji ta, muna tsaye a bakin get. "Likita ya ce in ya tsaya a nan, duk wahalar da ya sha ta tashi a banza. Na yi kuka, maigidana ya roƙe shi, an kira yayyena a waya. Ya ce shi ba zai mutu a garin da ko ƙasa ba ya takawa ba. Kuma ka san ba zan iya ce masa a'a ba."

"To ni mai fure, me zan yi a nan?"

"Duk rayuwarsa a lambu ya yi ta, a bakin dam ɗin Watari. Ga ɗan filin nan na gaban gida. Ban ce ka warkar da shi ba, Kawu. Ka samar masa abin da zai fito da shi daga ɗaki kawai, ko Allah zai sa."

Na dubi filin. Jar ƙasa ce duk ta tsage, ga busasshiyar ciyawa, ga kwata a gaba. A shekarar da ba ruwa, wai in tayar da lambu. Na ce mata to, don na ga idonta, kuma don ni ma na gaji da kwasar gawar shuka.

Na same shi a kujera a ƙarƙashin rumfar mota, ya juya wa titi baya, jakarsa a ɗaure a bakin ƙofa tun tafiyar tana da saura. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da leɓe. Washegari na dawo da kaya a motar gandu, a sama na ɗora wani kakkauran reshen dedap da na saro da furensa ja wur. Wannan bishiya sai gari ya bushe take zubar da ganye ta yi fure, shekarar kuwa ta samu yadda take so. Ina sauke reshen na ji murya a bayana.

"Minjirya."

"'Yar'uwarta ce, Alhaji. Nan dedap suke ce mata."

"Da ita na kewaye lambuna. Sha-kauci ba ya rabuwa da ita." Ya ƙare mini kallo. "Kai mutumin ina ne?"

"Zariya."

"Allah Sarki. Ummi, duk faɗin garin nan ba ki samo mutum ba sai Bazazzagi?"

Da na ji haka na san da sauransa. Kun san wasan da ke tsakaninmu da Kanawa. Abin da 'yarsa ba ta isa ta faɗa masa ba, ni ina da lasisin faɗa. Na kafa reshen a kusurwa, na ɗauki cangkul na fara tara tudu yadda na saba. Ban kai ko'ina ba ya buga sandarsa a siminti.

"Kai, wannan kabarin wa kake tarawa?"

Ummi ta sunkuyar da kai. Na ce, "Haka ake yi a nan, Alhaji. Bakano ai kasuwa ya sani, ya bar wa manoma ƙasa."

"Manoma! Ana rani, ruwa na bokiti, ka ɗora shuka a kan tudu? Wa ya koya maka?"

"Wadda ta fi ni sanin garin. Ƙasar nan ba irin ta Bagwai ba ce, ƙarƙashinta danƙo ne. Ranar da ruwa ya dawo, duk abin da ke cikin rami ya mutu."

"Ya dawo tukuna. Fafe mini fangali."

Sai ya miƙe. Ummi ta ce mini daga baya ta manta rabon da ya miƙe don kansa, in ba salla ko banɗaki ba. Ya dogara sanda ya zo bakin filin yana zana mini da tsininta: nan baki, nan mashiga, nan za ka bi da ruwa. Na san sarai abin da ke ƙarƙashin ƙasar, amma na san a ranin da muke ciki shi ke da gaskiya, sannan ba lambu kaɗai aka kira ni in raya ba. Na ce na yarda, da sharaɗin ranar da ruwa ya dawo za a fasa. Ya ce in ya dawo ma yi magana.

Na fafe fangali huɗu na zuba musu haɗin ƙasata. Siantan na sa a gaba inda rana take, manya waɗanda suka riga suka fara fure, don ba mu da lokacin jiran ƙanana. Setawar ya tafi gindin katanga, kantan ya tafi kusurwa. Na kafa busassun rassa a tsakani don tsuntsu ya sami wurin sauka. Sauran aikin nasa ne. Ya kafa doka a gidan cewa ba wanda zai ƙara yin alwala a banɗaki, kowa ya ɗauki buta ya tsuguna a bakin fangali. Ruwan wankin shinkafa a tara shi. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, wanda ya daɗe yana bin bango a banza, ya sa na ɗaura masa tiyo har gindin kantan. Ɗaliban da ke haya a gidan kusa suka ji labari, su ma suka riƙa zuwa da butocinsu lokacin salla, yana zaune yana raba su: kai je ka na biyu, wannan ya sha da safe. Ya sa aka sharo busasshen ganyen layin kaf aka rufe gindin kowace shuka.

Na ba Anti Mei labari, ta zo da kanta ta gani. Ta cusa yatsa a fangalin ta ji danshi, ta dubi tsohon, shi ma ya dube ta, ba mai jin yaren wani. Da muka koma gandu ta sa muka haƙa ramuka muka nutsa sauran ledojin a ciki muka rufe da ganye. "Boleh," in ji ta, wato ya yi, "amma na rani ne kawai, ka ji ko?" Abin da ya rage mana a gandun ta haka ya tsira.

Kelicap bai sa mu dogon jira ba, don duk layin babu inda fure ya rage sai gidan. Wata safiya ina ɗaure setawar, Alhaji ya ce mini a hankali, "Kada ka motsa." Namiji ne, ya sauka a busasshen reshen da na kafa, ya leƙa hagu ya leƙa dama, ya sunkuya kan siantan yana bin furannin ɗaya bayan ɗaya. Alhaji bai ƙifta ido ba har ya tashi. "Namu ya fi shi dogon bindi," ya ce, "amma ba laifi, shi ma ɗan halak ne." Ba a jima ba macen ta biyo shi, ta fara rataya sheƙa a igiyar shanya, 'yar jaka mai ƙofa a gefe, tarkace yana reto a ƙasanta. Daga ranar aka daina shanya a igiyar, aka kuma hana Ummi kai tsintsiya kusurwar da gizo yake. Ya fara cin abinci, wai don ya sami ƙarfin yi mini faɗa.

Amma jakar nan ba ta bar bakin ƙofa ba. Na yi zaton tsuntsu zai gama mana aikin, bai gama ba. Da na ga Juma'ar ta matso na ce masa, "Alhaji, tsuntsuwar nan ƙwai fa take shirin yi. Tafiya za ka yi ka bar wa Bazazzagi jikokinka?"

Bai yi dariya ba. "Haladu, na gode maka, ka sa na taka ƙasa. Amma lambu ya tashi, aikina ya ƙare. Wutar asibitin nan kai ba ka san ta ba. In mutuwa ce, ta same ni a Bagwai."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na hau babur ina faɗa ni kaɗai har gida. Da safe na dawo, don ban ga dalilin da zai sa in riga shi sallamawa ba.

A makon tafiyar ruwa ya dawo. Bayan la'asar gari ya yi baƙi, aka yi tsawa, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Duk layin aka fito, yara suna tsalle a titi. Alhaji ya tsaya a bakin rumfa ya tara hannu yana hamdala, kowane fangali ya cika taf har baki. Na ce masa lokacin sharaɗinmu ya yi.

"Wane sharaɗi? Rahama ta sauka ka ce in kore ta? Bar shi, kafin isha ƙasa ta shanye."

Da a Bagwai ne, haka za a yi. A can ka cika fangali, kafin ka zagayo ya tsotse. Washegari na tarar da ruwan yana nan inda muka bar shi, da yamma aka ƙara wani a kai, aka kuma ci gaba da ƙarawa. Ganyen siantan ya fara yin rawaya yana zuba. Gindin setawar ya yi laushi, in ka sunkuya za ka ji warin ruɓa. 'Ya'yan sauro suka fara wutsil-wutsil a ciki, maƙwabcinsu kuma ya leƙo ta katanga ya ce wa Ummi in ma'aikatan lafiya suka ga kwantaccen ruwa a gida za su ci su tara, ga zazzaɓin dengi yana yawo. Namijin kelicap ya zo ya zagaya, ya ga furen duk ya zube, ya wuce wani wuri. Macen ce kawai ta rage a sheƙa.

Aikin 'yan mintoci ne in ɗauki cangkul in gama da maganar. Mijin Ummi ma ya ce in yi kawai in tsohon ya tayar da salla. Na ƙi. Ku riƙe wannan, ku da za ku shiga gidajen mutane: ba a fasa wa mutum aikinsa a bayan idonsa, ko da kai ke da gaskiya, don za ka ceci shukar ka rasa mai ita. Shi kuwa tun da ya sauka a ƙasar nan sai dai a ce masa kwanta, tashi, sha, haɗiye. Fangalin nan ne kaɗai abin da ya ce a yi aka yi.

Ranar Alhamis, ana gobe tafiya, na zo da hantsi. An ɗora wa jakar wata ƙarama a kai. Ummi tana tsaye a bakin ƙofa, idonta ya kumbura. Alhaji yana bakin fangali yana kallon ganyen da ke yawo a kan ruwa. Ranar ban yi masa wasa ba, gaisuwa kawai. Na naɗe hannun riga, na zura hannu cikin ruwan, na wuce haɗin ƙasata har na kai ga ta asali, na ɗebo cike da tafi na miƙa masa.

Ya karɓa. Ya murza ta, ya dunƙula, ya ja ta ta yi tsawo ba ta tsinke ba. Duk zaman nan ni nake haƙa yana nuni da sanda, bai taɓa riƙe ta a jiƙe ba.

"Wannan ai yumɓu ne," ya ce. "Da wannan mata suke ginin tukunya."

"Shi ne, Alhaji."

"A cikin tukunya muka yi shuka ke nan."

"Da rani ta yi mana rana. Yanzu ita za ta kashe su."

Ya daɗe yana juya yumɓun a hannu. Sannan ya jingine sandarsa a katanga ya ce in miƙo fartanyar. Ummi ta yunƙura za ta hana, na girgiza mata kai. Cangkul yana da nauyi, shi kuma ba ƙarfi. Ya sara ya zame, ya sake sarawa ya ɗan ci bakin. Na matsa zan karɓa, ya harare ni na koma. Ya ja numfashi ya sake ɗagawa, bakin fangalin ya buɗe, jan ruwa ya kwararo ta kan ƙafafunsa ya nufi kwata. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana hutawa a tsakani, rigarsa ta jiƙe da gumi da taɓo. Da ya gama na jawo masa kujera ya zauna yana haki, yana kallon ruwan yana tafiya.

"Tun ina yaro nake buɗe wa ruwa hanya ya shiga," ya ce. "Yau ce rana ta farko da na buɗe masa ya fita."

Ya juya ya dubi shuke-shuken.

"Za su tashi?"

"Siantan zai tashi in an ɗaga shi an sa yashi a ƙarƙashi. Setawar sai an tono shi an yanke ruɓaɓɓen an sake dasawa. Aikin makonni ne, kuma sai ana dubawa kullum, don ni ma ban taɓa mayar da fangali tudu da shuka a ciki ba."

"Ba ka taɓa ba." Ya girgiza kai. "Ni na kafe aka bar su a ruwa. In na tafi yanzu, ɓarnar da na yi da hannuna na bar wa wani ya gyara."

Ya goge tafinsa a gwiwa, bai dubi kowa ba.

"Ummi."

"Na'am, Baba."

"Gobe ƙarfe nawa ne asibitin?"

"Takwas, Baba."

"To a tashe ni da wuri. Sai na duba saiwar nan kafin mu fita."